Kashi 100 bisa 100 a bak: aikin malamai ne ko arzikin uwaye?



Kowace shekara in sakamakon bak ya fito, tambaya guda ce a bakin kowa: wace lise ce ta fi yawan waɗanda suka ci? Daga nan sai uba ya shiga neman hanyar sauya ma ɗansa makaranta. Yau ina so mu auna wannan lissafi. Zan ɗauko misali daga Faransa, domin tsarin lise da jarrabawar bak daga can muka gaje su, kuma su sun daɗe suna wannan gardama da alƙaluma a hannu.

A tsakiyar birnin Paris, inda hayar gida ta gagari talaka, akwai lise biyu na gwamnati, Henri-IV da Louis-le-Grand. Da wuya ka ji ɗalibinsu ya faɗi bak. Kilomita kaɗan daga nan, a yankin Seine-Saint-Denis, akwai wasu lise, su ma na gwamnati, inda ɗiyan leburori da direbobi da baƙi daga Magrib, Afirka ta Yamma da Asiya ke zaune a aji guda. Sakamakonsu bai kai na farkon ba. Manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya. To, a ce na Paris sun fi iya koyarwa ke nan?

Ku da kuka san kasuwar dabbobi, ku yi mana hukunci. Wanda ya sayi rago da ƙibarsa ya ɗaure kwana uku, bai isa ya yi kurin kiwo gaban wanda ya sayi ramamme ya ciyar da shi wata shida ba. Har zuwa 2021, lise biyun nan su ke zaɓen ɗalibansu da kansu, suna tace takardun waɗanda suka fi maki. Yaro ya zo musu da littattafai a gida, da uwaye masu digiri, da mai koyarwa na musamman in ya yi rauni a lissafi.

Saboda haka ne tun 1994 ma'aikatar ilimi ta Faransa ke buga wani awo dabam. Ana duba shekarun ɗaliban kowace lise, da sana'ar uwayensu, da makin da suka samu a birbe, sai a ƙiyasta sakamakon da ya kamata irin waɗannan yara su samu. Abin da lise ta ɗara a kan ƙiyasin, shi ne aikinta. Ana kuma ƙirga yara nawa suka shiga ajin farko na lise, nawa ne makarantar ta riƙe har suka samu bak. Wannan awo na biyu shi ya fi burge ni, domin shi ke tona asirin makarantar da ke tankaɗe masu rauni waje kafin shekarar ƙarshe don ta yi ado da kashi 100. A wannan ma'auni, sau da yawa lise na unguwannin talakawa ke fitowa a sahun gaba. Gaskiya dai, wanda aka riga aka ƙiyasta masa kashi 99 ba shi da filin ɗarawa, don haka awon ma yana da iyakarsa.

Kada kuma a ji daɗin magana a ce makarantun talakawa ba su da ciwo. Can ake yawan tura sabbin malamai, da sun samu ƴan shekaru su nemi sauyi, kuma in malami ya yi rashin lafiya aji kan daɗe babu madadi. A 2012 kotun binciken kuɗin gwamnati ta nuna cewa abin da ƙasa ke kashe ma ɗalibin Paris ya fi na ɗalibin kewayenta, musamman saboda albashin tsofaffin malamai da suka taru a birnin. Ga shi kuwa tun 1981 aka kafa yankunan fifiko domin a ƙara ma marasa hali.

A 2022 wata kotu ta tilasta ma'aikatar ta fito da alƙaluman matsayin uwayen ɗalibai, makaranta bayan makaranta. A shekarar ce kuma aka shigar da Henri-IV da Louis-le-Grand cikin tsarin rabon gurabe na bai ɗaya, tare da ware kaso ga yara masu tallafin karatu. An yi ta kuka cewa darajarsu za ta zube.

Mu a nan, ko Lise Kasai ta Yamai ce, ko Ɗan Baskore ta Maraɗi, ko Kuran Daga ta Zinder, kashin waɗanda suka ci kaɗai muke ji. Ya alhaji, ya malam, in ka je gun shugaban lise, ka tambaye shi yara nawa ya karɓa shekara uku baya, nawa suka kai ajin ƙarshe, kuma sati nawa aka yi bara babu malamin lissafi. Ma'aikatar ilimi kuwa, rajistocin nan suna hannun shugabannin makarantunta. Muna roƙo ta riƙa buga su tare da sakamakon bak.