Jawabi a Kan Zubar da Tsofaffin Na'urorin Buga Takardu

Tun da kamfanin Xerox ya fitar da na'urarsa mai bugu da hasken leza a shekarar 1977, irin waɗannan na'urori da injunan fotokwafi suka bazu cikin ofisoshi da makarantu da shaguna. Muddin suna rufe suna aiki, illarsu kaɗan ce. Haɗarin yana tasowa ne ranar da suka lalace, aka yar da su a bola, ko aka sayar wa 'yan gwangwan su farfasa.

Abu na farko shi ne hasken kansa. A yawancin na'urorin ido ba ya ganinsa, saboda haka mutum ba zai ƙifta ba har ya ƙona masa cikin ido. Kada makaniki ya buɗe akwatin hasken alhali na'ura tana jone da lantarki. Ɗan ƙwayar da ke fitar da hasken yana ɗauke da gubar asanik, amma kaɗan ce ƙwarai, kuma a rufe take. Ba ta cutarwa sai an niƙa ko an ƙona.

Na biyu, gangar da hoto ke kwanciya a kanta. A tsofaffin injuna an shafe ta da siliniyam ko kadmiyam, kadmiyam kuwa yana lalata ƙoda. Wasu fitilun fotokwafi suna da zaiba a ciki, tsofaffin allunan wayoyi kuma da dalma aka liƙe su. Duk wanda ya cinna musu wuta don neman jan ƙarfe, shi da maƙwabtansa za su shaƙi hayaƙin, tokar kuma ruwan sama ya kai ta rijiya.

Na uku, garin tawada. Roba ce da aka niƙa laushi aka haɗa da launi. Idan ya zube, a goge da tsumma mai damshi, a wanke hannu da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana sa ya manne. Kada a jefa kwanson a wuta, gama garin yana iya tashi da bindiga.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗarta a 1988, lokacin da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, wanda ke Jihar Delta a yau. Wannan ya sa aka kafa Doka ta 42 a shekarar. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idojin sharar kayan lantarki, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin karɓar tsofaffinsu.

Saboda haka kowane shugaban ofis ya ajiye matacciyar na'ura a ɗaki busasshe ba tare da an kwance ta ba, ya mayar wa dillali, ko ya miƙa wa masu tattarawa da hukuma ta yi wa rajista. Rigakafi ya fi magani.