Gona Ma Wurin Aiki Ce: Jawabi Kan Tsaron Lafiyar Mai Aiki

Wannan jawabi an shirya shi domin ɗaliban yaƙi da jahilci na Zabori da ƙauyukan kewaye. Wanda ya karanta, sai ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna.



In aka ce ma'aikaci, hankali yana tafiya Yamai wajen mai zaman buro, ko Arlit wajen mai haƙar ma'adini. Ba a tuna manomin Zabori. Alhali duk inda mutum ke neman abincinsa da guminsa, nan ne wurin aikinsa. Gonar hatsi wurin aiki ce. Lambun rake da rogo cikin fadamar Dallol Mawri wurin aiki ne. Haka bakin rijiya, da maƙera, da wurin injin niƙa.

Bambancin guda ne. Ma'aikacin kamfani yana da maigida wanda doka ta ɗora ma nauyin tsaron lafiyarsa, akwai kuma jami'in ƙwadago mai zuwa bincike. Manomi kuwa shi ne maigida, shi ne lebura, shi ne mai bincike. In bai duba ba, babu mai duba masa.

Akwai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, mazauninta yana birnin Janeba. A 2023 ta bayyana cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda aikinsu. Mafi yawansu cuta ce ke kashe su sannu a hankali, wadda suka ɗauka wurin aiki. Cikin waɗanda haɗari ke kashewa nan take kuma, mutum 1 cikin 3 ma'aikacin gona ne. Ke nan maganar ta shafi ƙauye ƙwarai.

Tambaya uku kafin a kama aiki

Masana tsaron lafiyar ma'aikata suna da dabara, kuma ba ta buƙatar kuɗi. Kafin mutum ya kama aiki, ya yi ma kansa tambaya uku. Ta farko: mene ne zai iya cutar da mutum a nan? Ta biyu: ana iya kawar da abin gaba ɗaya, ko a sake shi da wanda bai kai shi haɗari ba? Ta uku: in ba a iya ba, da me za a kare jiki?

Jerin tambayoyin yana da dalili. Kawar da haɗari ya fi sa safar hannu, domin safa tana yagewa, kuma ranar zafi ana mantawa da ita.

Ga misali daga rumbu. Mutane da yawa suna zuba magani cikin wake don kada ƙwari su huda shi. Wasu suna jefa ƙwayar nan mai fitar da iskar guba cikin buhu, su aje buhun ɗakin da iyali ke kwana. Iskar ba ta san ƙwaro da yaro ba. To, akwai buhun PICS mai ciki uku: leda biyu a ciki, buhu guda a waje. An fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007, kuma masu binciken aikin gona na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowane ciki shi kaɗai, iska tana ƙarewa, ƙwarin su mutu. Ba a sa ko ɗigon magani. Wannan shi ne kawar da haɗari.

Maganin feshi

A nan ya kamata a tsaya, domin nan ɓarnar ta fi yawa.

Abin da ake kira maganin ƙwari ko maganin ciyawa guba ce. Sunan magani shi ke ruɗin mutane. Tana shiga jiki ta hanya uku: ta baki, ta hanci, ta fata. Ta fata ce aka fi rainawa. Mai feshi yana goye da famfo mai yoyo, ruwan yana jiƙa masa baya tun safe, rana tana duka, yana gumi. Bai sha komi ba, amma gubar ta shiga.

Abin da ya faru a maƙwabta ya isa ishara. A noman auduga na 1999 zuwa 2000, an ba manoman ƙasar Benin wani maganin feshi mai suna endosulfan. A yankin Bargu, can ƙetaren kogi daga Gaya, mutum aƙalla 37 suka mutu a wannan shekarar noma. Da yawa cikinsu ba su ne masu feshin ba. Wasu sun ci kayan lambu ko masara da maganin auduga ya taɓa. Wasu abincinsu ko ruwansu ne aka zuba cikin abin da ya taɓa ɗaukar maganin. Ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun hana wannan magani a 2007. Benin ta hana shi a 2008. A 2011 ƙasashen duniya suka yarda a daina shi. A wannan shekara ta 2011 kuma CILSS ta hana maganin ciyawa da ake kira parakwat.

Amma hani yana takarda, kasuwa tana nan. Wanda ke zaune tsakanin iyakar Nijeriya da ta Benin ya san kaya suna shigowa ta hanyoyi da yawa. A kasuwar ƙauye ana tarad da magani cikin kwalbar lemo, ba suna, ba rubutu, kusa da tebur ɗin mai gishiri da magi. Mai saidawa zai ce yana da ƙarfi. Ƙarfin nan shi ne abin tsoro. Maganin da babu takarda a jikinsa, kada a saye shi, ko da araha ne.

In da takarda, a duba ƙasanta. Akwai zane mai launi. Ja yana nufin guba mai tsanani ƙwarai, wannan ba na ƙaramin manomi ba ne. Rawaya, guba mai haɗari. Shuɗi, a yi hankali. Kore shi ne mai sauƙi, amma shi ma ba abin sha ba ne. Rubutun yakan zo da Ingilishi ko Faransanci. Duk da haka, wanda ya koyi lissafi a aji yana iya gane lambobi: awon da za a zuba cikin lita 15 ko 16 na ruwa, da ranar da maganin zai lalace, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir ko kuɓewa. In abin ya shige duhu, a kai kwalbar wajen malamin gona, ko wajen samarin da ma'aikatar kare shuke-shuke ta koya ma feshi.

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba mai rufe ƙafa, da safar roba, ya rufe hanci da baki. Rawani ko ƙyalle, in ya jiƙe da magani, ya koma abin cutarwa, sai a cire shi. Lokacin haɗa magani da ruwa ya fi lokacin feshi haɗari, domin a nan gubar take da kaurinta. A dama da sanda, kada a dama da hannu. A yi feshi da sassafe ko da marece, iska tana ɗauke maganin daga jikin mutum. In iska ta yi ƙarfi, a bari sai gobe. In bakin famfo ya toshe, a tsokace shi da tsinke. Busa shi da baki ya kwantar da mutane da yawa. Ba cin goro, ba shan taba, ba cin abinci, sai an wanke hannu da fuska da sabuni. Yaro da mace mai ciki ko mai goyo, babu ruwansu da wannan aiki.

Sai maganar gida, wadda aka fi sakaci da ita. Maigida ya gama feshi, ya dawo, ya ɗauki ɗansa da rigar aikin. Ya jefa rigar cikin kayan wanki, uwargida ta cuɗa ta da hannu tare da zanen goyo. Sauran maganin an soke shi a jinkar ɗaki ko gindin rumbu. Bidon da ya ƙare kuwa, an ce asara ne a yar, sai aka maida shi na ruwan sha ko na man gyaɗa. Duk wanki ba ya fitar da guba daga roba. A ɗauraye bidon sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, a huda gindinsa don kada kowa ya yi sha'awarsa. Kada a jefa shi rijiya ko tabki. Cikin fadama ruwa yana kusa da ƙasa, abin da aka zubar yau ana iya jawo shi da guga. Kayan feshi a wanke su daban. Sauran magani a kulle shi nesa da abinci, inda hannun yaro ba ya kai.

Alamun guba su ne ciwon kai, jiri, gumi mai yawa, dalalar miyau, amai, zawo, gani dishi-dishi, da numfashi da ƙyar. In an ga haka, a fitar da mutum daga gonar, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da ruwa da sabuni. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Kada a sa shi amai da ƙarfi. Kada a ɗura masa nono ko manja ko man gyaɗa. Ana cewa nono yana karya guba. Ba ya karyawa, ɓata lokaci kawai ake yi. A kai shi gidan likita nan da nan, a tafi da kwalbar maganin. Sunan da ke jikinta shi zai nuna ma likita abin da zai yi.

Rijiya

Ƙasar fadama rairayi ce, ginin rijiya a cikinta yana da sauƙi, rubzawarta ma haka. Kada a tara ƙasar da aka fitar dab da baki, nauyinta yana tura gefen rijiya. In an fara zurfi, a riƙa saka zoben siminti ana tafiya. Mai shiga ya ɗaura igiya a jikinsa, daban da ta guga, kuma mutum biyu su tsaya sama, ba su zuwa ko'ina.

Tsohuwar rijiya tana iya tara mugunyar iska. Maginan da suna zura fitila mai wuta kafin su shiga. In ta mutu, ba a shiga. Dabara ce mai kyau, amma ba ta gano hayaƙin injin ban ruwa. Injin mai shan isansi, in aka saukar da shi cikin rijiya yana aiki, yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, fitila tana ci, mutum yana suma. Injin ya tsaya waje, tiyo kaɗai ya shiga. In wani ya faɗi ciki, zuciya takan ce a bi shi da gudu. Ta haka ne gawa guda ke zama biyu ko uku. A jawo shi da igiyarsa. Dalilin ɗaura ta ke nan tun farko.

Maciji da ƙarfe

Lokacin huɗa da girbi, da yankan rake, kububuwa tana cikin ciyawa da ƙarƙashin dami. Takalmin roba mai tsawo da sanda ta juya dami sun hana sara da yawa. In an yi saran, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tam. A cire zobe da munduwa kafin kumburi. Mutum ya kwanta, a ɗauke shi da amalanke ko babur zuwa gidan likita, inda ake neman allurar dafi. Saran kububuwa yakan yi kamar ya lafa, bayan kwana guda ko biyu jini ya ɓalle. Kada a jira wannan.

Yankan adda ko hauya, a wanke da ruwa da sabuni, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙasa, toka da kashin shanu ba su warkar da rauni, su ne ma ke kawo ciwon sarƙewar haƙora da likita ke kira tetanos. Akwai allurar rigakafinsa. Mai injin niƙa ya rufe bel ɗin injinsa, ya kashe shi kafin ya sa hannu. Babbar riga da mayafi mai reto ba su shiri da bel.

Wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago

Manomin da ya kira mutane aiki don kuɗi ya zama maigida, nauyi ya hau kansa. Shi zai faɗa masu irin maganin da ke cikin famfo. Shi zai kawo ruwan sha da sabuni, ya bar su su huta a inuwa in rana ta take.

Samarin da ke tafiya aikin gini ko na hanya a Gaya, Doso ko Yamai, ya kamata su san dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka sa ma hannu ranar 25 ga Satumba 2012. Ta wajabta ma mai kamfani ya tsare lafiyar ma'aikatansa. Akwai kuma asusun CNSS, wanda ke ɗaukar nauyin magani da diyyar ma'aikacin albashi in ya ji rauni a bakin aiki. Saboda haka, tun ranar ɗauka, saurayi ya tambaya ko an rubuta sunansa a CNSS, ya nemi lambarsa ya adana. In haɗari ya auku, ya riƙe takardar likita, ya rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka gani. In mai kamfani ya ƙi sanarwa, sai ya kai takardun ofishin jami'in ƙwadago na jiharsa.