Kada ku dangwala yatsa sai an karanta maku

Jama'ar Ƙonni, Ɗan Isa, Matamaye da Magarya.

Kun san yadda ake yi. Mutum ya shekara goma yana fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, ya tara ƴan kuɗinsa, ya sayi fili. Dillali ya ce: "Kawo jika talatin, ni zan kai wa notar." Bayan sati biyu ga takarda da Faransanci, da hatimi rangaɗau. Ya dangwala yatsa. Ranar da ya sauke bulo, sai ga wani da tasa takardar. Fili guda, masu shi biyu!

Notar na gaskiya ya yi rantsuwa gaban kotu, kuma gwamnati ce ke yanke kuɗin aikinsa. To, wa ya taɓa nuna maku wannan farashi? Yawancin notar suna Yamai, mu nan an bar mu da ƴan tsakani.

In kun ba mu ƙuri'a, za a manna sunayen notar masu izini da farashinsu a kowace meri, da Hausa, a karanta a rediyon gari. Ba a karɓar ko dala sai da rasit. Kafin ku sa hannu, dole a fassara maku takarda gaban shaidu. Wanda ya cuce ku a ƙwace hatiminsa, ya maido kuɗinku. Hukumomin Cofo da dokar karkara ta 1993 ta tanada, za mu ba su kuɗin aiki.

Ku adana katin zaɓenku, ku fito da sassafe.