Jaruman Talabijin da Rigimar Launin Fata



Da aka ce in yi jawabi, na san wasu sun zaci batun albashi zan kawo, tunda aikin gwamnati nake yi. A'a. Zan koma ne kan abin da ya jawo mini bulala a aji uku, wato littattafan zane na jarumai masu ƙarfin ban mamaki, waɗanda muke ɓoyewa cikin littafin lissafi. Malamin da ya ƙwace nawa ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya.

A Amurka an mai da labaran nan shirye-shiryen talabijin, sai rigima ta tashi kan waɗanda ake zaɓa su fito a ciki. A 2014 aka fara The Flash, aka ɗauki Candice Patton, baƙar fata, ta fito a matsayin Iris West, wadda a tsofaffin littattafan farar fata ce. Zagi ya yi ta zubo mata ta intanet, har ta bayyana a 2022 cewa ta so barin shirin tun a zango na biyu. Hujjar masu zagin, wai a bi abin da littafi ya zana.

To, mu auna hujjar. A 2018 aka fito da Titans, inda Anna Diop, haifaffiyar Senegal, ta fito a matsayin Starfire. Ita Starfire ba 'yar Adam ba ce ma. Daga wata duniya take mai suna Tamaran, fatarta kuwa a littafin ruwan lemo ce. Don Allah, wace mace ce mai fata ruwan lemo? Ko wa aka ɗauka, dole ta saɓa wa zanen. Duk da haka sai da aka zagi Anna har ta rufe wurin sharhi na shafinta a Instagram. Ashe ba littafin ake karewa ba. Abin kuma ba sabo ba ne: tun 1967 Eartha Kitt, ita ma baƙar fata, ta fito a matsayin Catwoman cikin Batman.

Ni kaina nakan yi gunaguni idan aka lalata labarin da na taso da shi. Amma a 2022 na kalli Ms. Marvel tare da 'yata, labarin yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan. Da aka nuno masallaci, har da ɓarawon takalma, sai ta dafa ni ta ce, "Baba, ashe su ma ana sace musu?" Har aka gama shirin ba ta motsa daga gaban talabijin ba.