Rautar Bakin Iyaka da Matsalar Yarda



An nemi in yi magana a kan manyan na'urorin rauta da kamfanonin sadarwa ke girkewa a bakin iyakarsu, inda layinsu ke haɗuwa da na abokan ciniki da na sauran kamfanoni. Duk saƙon da ya bar wayarku sai ya ratsa ta irin wannan na'ura. Cisco na da jerin ASR 9000, Juniper na da MX, Nokia na da 7750, Huawei na da NE40E. Idan 'yan kasuwa suka zo tallarsu, abu ɗaya suke nanatawa: ba ta mutuwa. Alƙawarin shi ne ta yi aiki kashi 99.999 cikin ɗari na lokaci, wato duk tsayawarta a shekara kada ta wuce minti biyar da 'yan daƙiƙu. Don haka komai nata bibbiyu ne. Wutar lantarki ta hanya biyu, katin sarrafawa biyu, in ɗaya ya ƙone ɗayan ya karɓa, kuma ana iya zare kati a sa wani ba tare da an kashe ta ba.

Ba na musun wannan. Amma ku lura, duk wannan tanadi na lalacewar ƙarfe ne. Manyan haɗurran da suka girgiza intanet kuwa, yawanci na'urar tana lafiya ƙalau suka faru.

Dalili yana cikin yadda rautoci ke magana da juna. Ƙa'idar da suke bi ita ce BGP, wadda Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM suka zayyana a 1989, lokacin da masu gudanar da intanet ba su da yawa kuma sun san juna. Kowace rauta tana shaida wa maƙwabciyarta cewa ga adiresoshin da take iya kaiwa, ita kuma ta yarda ta isar gaba. Kamar ɗan kamasho ne a tasha: in ya ɗaga murya ya ce motar nan Legas za ta, fasinja ya shiga, ba mai tambayarsa takarda. Asalin ƙa'idar ba ta tanadi hanyar tantance mai gaskiya ba.

A watan Fabrairu 2008, gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin gida. Ranar 24 ga watan, kamfanin Pakistan Telecom ya shelanta wani yanki na adiresoshin YouTube a matsayin nasa, sanarwar ta sulale ta hannun PCCW na Hong Kong ta bazu duniya. Da yake rauta tana fifita sanarwar da ta fi ƙayyade adireshi, sai jama'ar duniya suka kwarara Pakistan. YouTube ya ɓace wajen awa biyu.

Kada mu ce abin na nesa ne. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, kamfanin MainOne na Legas, wanda ke musayar zirga-zirga da Google a cibiyar musayar intanet ta IXPN, ya saki hanyoyin Google ga China Telecom bisa kuskure. Daga nan suka kai Rasha. Tsawon minti 74 mutane a ƙasashe daban-daban suna neman Google ana bi da su ta Rasha da Sin, ba sa isa. Har an fara zargin leƙen asiri, kafin kamfanin ya fito ya ce kuskuren saiti ne yayin gyara. A ganina laifin bai tsaya ga wanda ya saki ba. Manyan da suka karɓa ba su tace ba, su ma da nasu kason, wataƙila ma mafi girma.

Akwai kuma cikar rumbun ajiyar rauta. A watan Agusta 2014 jerin hanyoyin intanet ya haye 512,000, iyakar da aka saita wa wasu tsofaffin rautocin Cisco, suka fara tangal-tangal. Masana sun daɗe suna gargaɗi, gyaran saitin kuma sananne ne, sakaci ne kawai. Yau jerin ya wuce 900,000.

To, mene ne abin yi? Magani yana nan. Akwai RPKI, inda mai adireshi ke sa hannu na lantarki cewa wane kaɗai ya ba izinin shelanta shi, rauta kuma ta yi watsi da sanarwar da ta saɓa. A nahiyarmu AFRINIC ce ke ba da wannan shaida. Sai dai a yi hattara, wannan zai kama irin na Pakistan, amma ba zai kama irin na Legas ba, domin can asalin mai adireshin bai canza ba, hanyar ce ta karkace. Wannan sai tacewa: a rubuta wa rauta abin da za ta karɓa daga kowane maƙwabci, a ƙayyade adadi, in ya wuce ta yanke hulɗa. Shirin MANRS da ƙungiyar Internet Society ta ƙaddamar a 2014 ya tattara waɗannan ladubba.

Duk rautocin da na ambata suna iya yin wannan. Abin da ba ya zuwa cikin kwali shi ne injiniyan da zai rubuta tacewar, da na biyu da zai duba kafin a aiwatar da tsakar dare. Shi ya sa nake roƙon masu sa hannu a kwangila, in an kawo takardar sayen rauta, ku tambayi nawa aka ware wa horar da waɗannan mutum biyu. Ku kuma malaman sashen kwamfuta, ku sa ɗalibai su haɗa BGP da hannunsu a ɗakin gwaji, su ɓata su gyara, tun kafin a miƙa musu layin jama'a.