Zaman makarantar kwana: me ya sa har yau abin yake mana ciwo?

Yau maganar sakandare za mu yi, musamman ta kwana, kuma zan ɗauko ta ta ɓangaren ilimin zamantakewa.

Akwai wani malami Ba'amurke, C. Wright Mills, wanda a littafinsa na 1959 ya raba abu biyu: damuwar mutum ɗaya, da matsalar al'umma. Idan yaro ɗaya ne ke kuka a ɗakin kwana, wannan damuwarsa ce. Amma idan duk shekara yaran ƙauye ne ke kuka, a aji ɗaya, a zangon farko, to a daina tambayar yaron, a tambayi tsarin.

Ni daga Saji na tafi, ƙasar Rano. A firamarenmu da Hausa ake bayanin kusan komai, har Turancin ma. Muka shiga sakandare aka ce Hausa banakula ce, wanda aka kama yana yinta sai tsallen kwaɗo ko yankan ciyawa. Yaran da suka zo daga cikin Kano, wasunsu tun nazire suke jin Turanci. Su suna ɗaga hannu, mu mun san amsa amma bakin ya ƙi buɗuwa. Sai sunan ya biyo baya: baƙauye. Kuma wallahi da yawanmu mun yarda cewa kanmu ne ba ya ja.

To wannan shi ne abin da Pierre Bourdieu, Bafaranshe, ya kira jarin al'ada. Wato yare, lafazi, yadda ake tsayawa gaban malami, duk kaya ne da wasu ke zuwa da su daga gida, makaranta kuma sai ta ba su maki a kai kamar a aji suka koya. Shi kansa ɗan ƙauye ne daga kudu maso yammacin Faransa, ya yi makarantar kwana a garin Pau, ya san yadda ake yi wa lafazin ƙauye dariya. Ina jin shi ya sa maganar tasa take shigata.

Sai batun siniyoyi. Erving Goffman, a littafinsa Asylums na 1961, ya jera wuraren da mutum ke kwana, ya ci, ya yi aiki a waje ɗaya ƙarƙashin hukuma ɗaya: kurkuku, bariki, asibitin masu taɓin hankali, har da makarantar kwana. Ya nuna cewa irin wurin nan yana fara cire maka wanda kake. Ku tuna mana: aski iri ɗaya, yunifom iri ɗaya, ƙararrawa ta tashe ka ta kwantar da kai, layin gabza da kwano a hannu. Tsarin firifet da gidaje kuwa daga makarantun Ingila aka kwaso shi, ya shigo mana ta irin su Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Malamai kaɗan, ɗalibai ɗaruruwa, sai aka miƙa bulala ga ɗan shekara 17 aka tafi gida. Wanda ya ɗebo wa siniya ruwa shekara 3 yana jiran ranarsa, kun ga abin ba ya buƙatar mugu kafin ya ci gaba.

Ba wai ina wanke wanda ya yi zalunci ba ne. A cikin tsarin nan ɗin akwai siniyan da ya ɓoye juniya a kwanarsa, ya raba garin kwaki da shi, don haka zaɓi yana nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu taru a biki muna cewa "ai dukan ne ya gyara mu". Masu faɗin haka su ne waɗanda suka gama. Yaron da ya tafi hutu bai dawo ba, ya koma gona ko ya shiga Kano ɗan dako, ba ya zaune a wajen bikin balle a ji ta bakinsa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa makarantun kwana na 'yan mata, don nasu labarin daban ne. Mu kwana lafiya.