Takalmi da Girman Ƙafar Yaro

Wannan lacca za ta dubi wani abu da ake rainawa, wato takalmin da ake sa wa ƙananan yara.

Kano dai tsohuwar cibiyar takalma ce. Lokacin da Barth ya zo birnin a 1851, ya lissafa takalman fata cikin manyan kayayyakin da fatake ke fita da su zuwa ƙasashe masu nisa. Fade irin na dukawa ba shi da nauyi, tafinsa shimfiɗe yake, yatsu kuma a sake suke. Daga baya masana'antu suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, takalmin roba ya yi araha, talaka ya sami abin sa wa ɗansa. Wannan ci gaba ne, domin yaron da ke yawo ba takalmi a ƙazamin wuri yana iya taka ƙaya ko fasasshiyar kwalba, kuma akwai tsutsar ciki mai shiga ta fatar ƙafa ta jawo ƙarancin jini.

To, amma kare ƙafa daban, ɗaure ta daban. Ƙafar baligi tana da ƙasusuwa 26, ta jariri kuwa yawancinta guringuntsi ne. Lanƙwasar nan ta tsakiyar tafin ƙafa ba ta bayyana sosai sai wajen shekara 6, kuma motsi ne ke ƙarfafa naman da ke riƙe ta. A 1992, likitoci biyu, Rao da Joseph, sun auna yara 2,300 a Indiya. Cikin masu sa takalmi, kashi 8.6 bisa ɗari tafinsu a baje yake ba lanƙwasa. Cikin marasa takalmi kuwa, kashi 2.8 ne kawai. Abin ya fi yawa ga masu sa ƙafa-ciki.

Saboda haka, a cikin ɗaki ko tsakar gida mai tsabta, gara a bar yaro ya taka ƙasa. In za a fita, sai a nemi takalmi marar nauyi, marar tudun dunduniya, mai faɗin gaba, wanda za a iya lanƙwasa shi da hannu, mai maɗauri kuma don kada yatsu su riƙa ƙanƙame shi. A bar tazarar kimanin santimita 1 a gaban babban yatsa, a kuma riƙa dubawa bayan 'yan watanni, don takalmin ƙaramar salla ba lalle ne ya kai wata ƙaramar salla ba.

Akwai magana ga hukumomin ilmi. Makarantar da ta wajabta wa ɗan aji ɗaya ƙafa-ciki mai tauri ta ɗora wa iyaye kuɗi, ta kuma matse ƙafar da ba ta gama ƙwari ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kamata a tuna cewa tun yana ɗanyen kuma ake karkata shi.